Kalmasar Rigar Shalele

Zuwa ga Maman Shalele,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da su Baba da duk mutan gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, ina ci, ina barci, ina taka keke. Na san abin da ya kore ki ke nan.

Ranar da za ki tafi gidanku kin ce ba za ki iya zama da mai taurin zuciya ba, mutumin da aka binne 'yarsa jiya, gari na wayewa aka ji ƙarar keken ɗinkinsa. Tun ranar nake gwada maganar a jikina kamar rigar aro.

Mutane dai sun raba min sunaye kyauta. Mai shayin bakin shago ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri irina ba, har madara yake ƙara min. Liman ya ce tawakkali ne. Yayata ta ce zurfin ciki ne, wai tun ina yaro ko ƙaya na taka sai dai a gan ni ina ɗingishi.

Duk na auna, babu wanda ya zauna min. Mai haƙuri abu ne ke cin sa ya danne. Mai zurfin ciki akwai abin da ya ajiye a ƙasa, ni kuwa na zura guga ko laka ba ta ɗebo ba. Tawakkali kuma, ina jin kunyar Allah in karɓi yabon abin da ban yi ba. Naki ya fi kusa, amma shi ma ya matse ni a hammata. Mai taurin zuciya yana ganin ciwo ya ce ina ruwansa, ni ban ce ina ruwana ba. Kin san yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ka ji kamar ta wani? Haka nake gaba ɗayana.

Ki dawo don Allah. Takalman Shalele na nan a bakin ƙofa, zagaye su nake yi in zan share.

Naki,
Baban Shalele

Zuwa ga Maman Shalele,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Baba, ƙafar ta saki?

Ƙaninki ya kawo saƙonki, cewa ba za ki dawo ba, a aiko miki da rigar da na ɗinka a waccan safiyar tun kafin in sayar. Ashe zaton da kike min ke nan. Yadin nan mai furanni ruwan ɗorawa Shalele ce ta zaɓa da kanta, na yanka kafin zazzaɓin ya kwantar da ita. Na tashi na gan shi a kan tebur ba a haɗa ba, sai na haɗa. Wani dalili bayan wannan ba ni da shi.

Da na zo gogewa in naɗe miki, dutsen guga ya ci karo da kauri a ƙasan rigar. Na juya ta. Kin san yadda nake yi wa kayan yara kalmasa mai faɗi, yatsa huɗu, don in sun yi tsawo a warware. Ke ce ma kike min tsiya, wai ina kashe wa kaina kasuwa da hannuna. To, na bar mata. Washegarin ranar da muka kai ta makwancinta, na zauna na bar mata tsawon baɗi, ban ma san na yi ba.

Na tsaya riƙe da rigar har dutsen ya huce. Ban yi kuka ba, ba zan miki ƙarya ba. Amma na koma kan keke, ƙafata ta ƙi takawa. Na rufe shago tun rana na tsaka, mai shayi na tambaya ko lafiya.

Ga rigar nan. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Baban Shalele

Zuwa ga Maman Shalele,

Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya.

Ƙaninki ya iso da akwatinki, ya ce kina tafe ranar Juma'a. Ya ce kin ce ba taurin zuciya ba ne, amma ba ki san sunansa ba. Ni ma ban sani ba. Kada ki zo da sa ran ganin hawaye, har yau shiru. Ki zo kawai mu zauna da shi haka babu suna.

Na tarar da rigar a saman kayanki, kin warware kalmasar, ga sawun allura a jere. Hannuna ya ɗauko tef kafin in hana shi. Na auna. Baɗi da ta yi mata daidai.

Sai kin iso.

Naki,
Baban Shalele