Kwaɗin da Na Kai wa Baba Mailafiya

Asabar, 4 ga Mayu, 2024
Baba Mailafiya, tsohon masuncin layinmu, wata bakwai ke nan yana yashe kududdufin nan na Gwammaja shi kaɗai. Leda, gwangwani, har mushen akuya. A gida kuma yana rainon 'ya'yan kifin karfasa a duro uku. Wai ba zai sake su ba sai kwaɗi sun dawo da ƙafarsu, don kwaɗo ba ya zama a mataccen ruwa. Na ce, "Baba, ko in rubuta musu wasiƙa?" Ya biyo ni da sanda.

Talata, 7 ga Mayu
Ni da abokina Abdulbaƙi mun ciko bokiti da kwaɗi a lambun kawunsa. Da rana ta kori kowa muka juye su a kududdufin. Dariya har da riƙe ciki.

Laraba, 8 ga Mayu
Na zata zagi zan sha. Kuka ya yi! Dattijo da furfura, ya kama hannuna yana cewa, "Ɗan nan, sun dawo." Gobe zan faɗa masa gaskiya.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ban faɗa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na dawo daga masallaci na tarar ya saki kifin a kududdufin. Duka.

Asabar, 11 ga Mayu
Innalillahi. Ruwan ya yi fari fat, kifin duk sun juyo ciki sama. Ko ɗaya bai kwana ba. Baba na kwashe su da kwando yana cewa laifinsa ne, idonsa ya tsufa. 'Yarsa Hajo ta ɓoye shebur, ta ce ya gama shiga ruwan nan. Bai musa ba. Wallahi ni wasa kawai...

Lahadi, 12 ga Mayu
Na faɗa masa. Na sunkuya ina jiran mari. Sai ya ce, "Daga wane lambu?" Na gaya masa. Ya ce, "Ruwan can mai kyau ne." Shi ke nan. Da ma dukana ya yi.

Alhamis, 23 ga Mayu
Kwatar layinmu da Baba ya taɓa toshewa ta sake ɓallewa cikin kududdufin. Na ɗan gyara, tunda hanyata ce. Buhun leda huɗu na kwashe yau. Baba na zaune a bakin ruwa, yana nuna mini wuri da haɓa. Abdulbaƙi ya ce in zo mu sa wa mai shayi gishiri a sukari. Na ce ƙafata na ciwo.

Warin ma, ashe ana sabawa.