Muryata ce a kan kaset ɗin

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. A firamare karatuna ya tsaya, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni 'yar Nijar ce, ina zaune a Greensboro ta Amurka. Ina aiki a wani otal da ke High Point Road, ɓangaren ɗakunan taro, jera kujeru da zuba ruwa da kofi. Wadda ta karɓe ni da na zo ƙasar nan zan kira ta Hajiya. Wata takwas na yi ina kwana a falonta, ita ta koya mini shiga bas, ita ta nema mini aikin nan. 'Yarta Nafisa a gabana ta girma, ni nake yi mata kitso tun tana kuka da mataji, yanzu tana jami'a tana karatun aikin jarida. Sana'ar Hajiya raino ce. Matanmu masu fita aiki suna bar mata yara da safe, su ɗauka da yamma. Ba ta da takardar izini, kowa ya sani, kowa ya yi shiru, don in ba ita ba wa zai riƙe mana su?

Sati uku da suka wuce, ranar Laraba da hantsi, na biya gidan Hajiya in kai mata kuka da daddawa da aka aiko mini daga gida. Na buga ƙofa, ba amsa sai kukan yara. Na leƙa ta taga, na ga yara bakwai, babbarsu ba ta wuce shekara biyar ba, ƙofa a kulle, tukunya a kan wuta, ga ƙaurin girki. Na kira wayar Hajiya sau uku, ashe a ciki ta bar ta, ina jin ƙararta. Ni mutum ce da ke dawowa daga tashar bas don in duba ko na cire abin guga, ta yaya zan tsaya ina kallo? Na ruga gidan mai da ke tsallake, na kira 911, lambar neman agajin gaggawa, da wayar kan titi. Ga inda kunyata ta fara. Wayata tana cikin jakata, me ya hana ni kira da ita? Wallahi ko a cikin ruɗewar nan na san abin da nake yi, ba na son a ga lambata. Na tsaya bayan wata mota ina leƙe, har na ga Hajiya ta dawo da galan ɗin madara a hannu, ta tarar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a ƙofarta. Minti goma ta ce ta yi. Babu yaron da ya ji ciwo, wake ne kawai ya kama. Amma an hana ta raino, an ba ta ranar zuwa kotu, mata huɗu sun bar aiki don ba inda za su kai 'ya'yansu.

Da a nan ya tsaya da na ce ƙaddara. Sai aka fara neman wanda ya kira. Kirana uku da Hajiya ta gani a wayarta bai sa ta zarge ni ba, don kullum ina kiranta. Akwai wata baiwar Allah, Ramatu, da suka yi cacar baki da Hajiya sati ɗaya kafin nan a kan ɗan Ramatun da ya faɗi a wurin rainon ya fasa leɓe. Nan take kowa ya ce ita ce. Ranar Lahadi muka taru jaje a falon Hajiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Wadda ta yi mini wannan, ban yafe ba, Allah ya tona mata asiri." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, da bakina, ina riƙe da kofin shayinta. Wace irin mace ce ke yin haka? An cire Ramatu daga adashi, an yi suna ba a gaya mata ba. Na haɗu da ita a kantin kayan Afirka, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ke kaɗai kike amsa sallamata yanzu. Na rantse musu da Alƙur'ani, sun ce rantsuwar ma ƙarya ce." Na ce mata ta yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Na biya kuɗin kayana na fita ban waiwayo ba.

Satin da ya wuce aka yi taron kwana biyu a otal ɗinmu. Lauyoyi ne da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati, suna magana a kan dokar da ta ba kowa damar neman takardun hukuma ya gani. Turancina ba shi da ƙarfi, ina zuba kofi ina tsintar kaɗan kaɗan. Can sai wani lauya ya kunna musu kaset a lasifika don misali, muryar wata mata tana kiran 911 tana haki. Ɗaki ya yi tsit ana saurare. Na tambayi abokiyar aikina a hankali, yaya aka yi ya samu? Ta ce ai duk kiran da aka yi ana ɗauka, kuma kowa na iya nema. Na ajiye butar kofi na tsaya ina jin kaset ɗin har ƙarshe.

Ban san Nafisa tana ɗakin ba, ashe malaminsu ya kawo su. Da aka tashi hutu ta zo da gudu ta rungume ni da rigar aikina. "Tanti, kin ji abin da na ji? Zan nemo kiran da aka yi wa Mama!" Na ce, "Ke Nafi, bar maganar nan, kada ki jawo wa uwarki wata fitinar." Ta yi dariya ta ce, "Tanti ke dai tsoro, ko ɗan sanda ya gaishe ki sai kin ba shi haƙuri. Haƙƙina ne. Na tambayi lauyan, ya ce suna goge suna da lamba, amma murya fa? Ni na kasa yarda Anti Ramatu ce. In ba ita ba ce a wanke ta." Ta ari birona, ta rubuta takardar neman a kan teburin da na gama gogewa. Sannan ta ce, "Ni ba na rarrabe muryoyin matan nan, ke kin san kowa. Tare za mu saurara, ni da ke, kafin Mama ta ji."

Jama'a, a cikin kiran nan Turanci ya guje mini, na yi ta cewa "Innalillahi, yara, yara, wuta!" Yarinyar da ta tashi tana jin muryar nan a kunnenta ina mata kitso, daƙiƙa nawa za ta yi kafin ta juyo ta kalle ni? Jiya ta kira ni tana murna, an ce ta je ta karɓi kaset ɗin ranar Alhamis, za ta biyo ta ɗauke ni ƙarfe goma.

Abinci ba ya shiga, ina salla ina mance raka'a. Wani lokaci in ce ai yara na ceta, da wuta ta tashi fa? Sai in tuna ba kiran ne ke cina ba, amin ɗin nan ne, da hannun Ramatu a cikin nawa. In na je na durƙusa gaban Hajiya yanzu, ba za ta ce don na ga asiri zai tonu ne ba? Kuma ai gaskiyarta, da ba don taron nan ba da har yau ina shiru. Ko Ramatu zan fara zuwa, tunda ita na fi zalunta? Ko in kira Nafisa in ce kada ta wahalar da kanta, Tantinta ce? Har na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar, amma kaset ba ya jiran lafiyata.

Yau Litinin. Na sa mayafi sau biyu zan tafi gidan Hajiya, sau biyu ina cirewa a bakin ƙofa. Don girman Allah ku gaya mini, ƙofar wa zan fara bugawa kafin Alhamis? Me zan yi?