Na Shirya Mana Tafiya Zanzibar, Na Tsallake Ɗan Farina

Assalamu alaikum Anti Sabuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin rabin matan unguwarmu Rumde a ajina suka koyi karatu, ba na so su san abin da Malamarsu ta aikata.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa. Ina nuna wa yara taswira ina ce musu tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye, alhali ni ruwan da na sani bai wuce kogin Binuwai ba. Na yi wa kaina alkawari idan na ajiye alli zan kai iyalina mu ga teku. Da na yi ritaya bana, ni da maigida muka tsayar da tsibirin Zanzibar, mako guda, saboda an ce Musulmi ne da yawa, ba wahalar abinci ko masallaci.

'Ya'yana uku. Munirat ta gama hidimar ƙasa, autana Bappa yana shekarar farko a jami'a. Sai babban, ɗan shekara ashirin da bakwai. Zan kira shi Jalo a nan, amma ba sunansa ba ne. Kin gani ko, a takarda ma hannuna ya ƙi. Mu Fulanin Yola ne, kin san yadda muke da ɗan fari. Tun da aka yaye shi yayar mahaifinsa ta ɗauke shi zuwa unguwar Ajiya, a hannunta ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ƙannensa suna ce mini Dada, wato uwa, shi Hajja yake cewa. Idan ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. Haka uwata ta yi da yayana, kuma ni har alfahari nake yi da cewa boko bai cire mini kunya ba.

Maganar tafiya ta shiga gidan tun watan azumi. Bappa da Munirat suka yi ta gardama, shi yana son shiga kwalekwale, ita tana son kasuwar kayan ƙamshi da hotuna. A zauren iyali na waya ake wannan surutu, kuma Jalo yana ciki, yana karantawa. Da lokacin shiri ya yi na ɗauki biro na rubuta sunaye huɗu: ni, maigida, Munirat, Bappa. Na ba Munirat takardar na ce ta kai wa yayanta shagonsa na kwamfuta a Jambutu, tunda shi ya san kan waɗannan abubuwa.

Ya yi komai, Anti. Ya cike mana takardun fasfo, ya tuna mana katin rigakafi, ya ɗage mana ranar don kada mu faɗa lokacin ruwan sama na can. Ya nemo mini ɗaki a ƙasa saboda ciwon gwiwata, ni da ban san ya san da ciwon ba. Bai taɓa tambayar me ya sa sunansa ba ya ciki ba.

Makon jiya Munirat ta je karɓo takardunmu, ta buɗe durowar teburinsa tana neman ambulan, sai ta ga sabon fasfo da hotonsa. Ranar da aka yi shi ta riga takardar da na aika da wata biyu. Ashe tun da aka fara maganar ya je ya yi, har ya shirya wanda zai riƙe masa shago. Yarinyar nan ta dawo ta tsaya a gabana ta faɗa mini maganar da ba ta taɓa faɗa ba, cewa na mayar da yayanta ɗan aike. Da wani lokaci ne da ta ga ɓacin raina. Ranar nan kuwa, ƙasa kawai na kalla.

Na so in ce mantuwa ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na ɗauki biron nan Jalo ya faɗo mini a rai. Na hango kaina a teburi ɗaya da shi safe da rana, ina tafiya ba takalmi a bakin ruwa yana kallona, sai na ji ba zan iya ba. Na ce wa zuciyata ai shi babba ne, yana da aikinsa. Mahaifinsa ya ga takardar, shi ma bai ce komai ba, yanzu kuma yana cewa ya ɗauka na yi magana da yaron.

Saura mako uku. Kunya ta ishe ni, ko akwatin ba na son gani. In fasa tafiyar gaba ɗaya? In aiki Munirat ta ce masa kuskure ne aka yi wajen rubutu? Tsorona kada ya riga ya yanke cewa ba ya cikinmu, kuma da hannuna na rubuta masa shaida.

Wata uwa, Rumde, Jimeta.

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga muguwar uwa a ciki ba. Na ga macen da ta riƙe abin da aka koya mata har ya wuce inda aka ce ta kai shi. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, iyayenmu sun yi ta don kada uwa ta cika nuna nata a gaban dangi. Sai dai su suna da hanyoyinsu na bayan fage. Uwa za ta kau da kai a gaban mutane, amma tsokar da ta fi kyau ta bi ta hannun wani ta isa ga yaron, kuma ya san daga ina ta fito. Ke kin riƙe kau da kan, kin bar aiken tsokar. A wannan karon kin yi kuskure, kuma ya ji ciwo.

Kada ki fasa tafiyar. Wahalarsa za ta tashi a banza, ƙannensa kuma su riƙa ganin saboda shi aka hana su. Maganar kuskuren rubutu ma ki bar ta. Mutumin da ya cike takardun mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya ya san abin da ya gani. Munirat kuwa ta yi nata, ki yafe mata zafin baki, ki sauke ta daga aike.

Ki fara da goggonsa a Ajiya. Ita ta raine shi, tana da haƙƙin ta ji daga bakinki cewa kina son tafiya da shi. Maigida kuma ya kira ɗansa daban, don shirun da ya yi ba ƙaramin kaso ba ne a laifin. Bayan haka ki je Jambutu da ƙafarki. Ba sai kin dubi idonsa ba, ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki ce kin yi ba daidai ba, kuma kina so ya zo. Kada ki yanki tikiti ki ajiye masa kamar umarni. Magidanci ne gobe, roƙonsa za ki yi.

Idan ya amince, sauran mai sauƙi ne. Tafiya da manyan 'ya'ya ba yawon makaranta ba ne, Malama, ki bar rajista a gida. Ki tambayi kowa abu ɗaya da yake so, har da shi. Su haɗa ɗaki da Bappa, samari su yi kwalekwalensu, ku haɗu a cin abinci sau ɗaya a rana. Ranar farko loma za ta yi miki nauyi, ta uku za ki ga ta wuce.

Yana iya cewa a'a, ko don kara ko don ciwon bai warke ba. Idan haka ta faru kada ki yi fushi, kada kuma ki ji daɗi a ɓoye cewa an sauke miki nauyi. Ki tafi, ki kira shi daga can da kanki, ki dawo ki ci gaba da zuwa shagon. Wannan yaro ya shekara ashirin da bakwai yana jira ki neme shi, kuma har yanzu bai gaji ba. Kada ki bari sai ya gaji. Ki je gobe, kafin ki sake samun wani dalili.

Allah ya sassauta miki harshe, ya sanyaya zuciyarsa, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Anti Sabuwa