Maganin Yaya Andrawus

Litinin, 8 ga Nuwamba, 1993

Sankarar ta shiga ƙashin bayan Baba. Likita ya rubuta masa allurar mofin mai kashe zafi, na kawo daga asibitinmu, ya ture hannuna. Wai Yaya Andrawus ya bugo waya daga Ingila, ya ce mofin na mai da mutum mashayi. Su a wurin aikinsa suna haɗa sabon magani da ke bi ta wata kafa a ƙwaƙwalwa, delta suke ce mata, ya kashe zafi ba jaraba. Baba ya ce shi zai jira na ɗansa.

Ni nas ce kawai. Mai kwashe fo.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Ihunsa har maƙwabta a Limawa sun daina zuwa sannu. Na san ɓeraye kaɗai aka taɓa yi wa maganin nan. Ban faɗa masa ba. Ya jira.

Laraba, 1 ga Disamba

Ina wanke shi ya ce, "Rifkatu, da ke ce namiji da na shiga uku." Na bar shi a ruwan har ya huce.

Juma'a, 24 ga Disamba

Yaya ya sauka da agogo da cakulan. A bayan gida na tsare shi. Ya ce maganin na jefa ɓerayen cikin farfaɗiya, da sauran aiki, ƙila jikokinmu su amfana. Na ce shiga ka gaya masa. Ya ce, "Ke kika saba da marasa lafiya."

Ya kasa zama ɗakin saboda wari.

Lahadi, 26 ga Disamba

Yaya ya tafi Abuja, wai taro. Baba na ta tambaya ina kwalbar maganin Yaya. Na ce tana cikin akwati, sai mai ita ya dawo. Na tsaya ina kallonsa yana cizon tabarma. Na ci tuwona, har da ƙari.

Talata, 4 ga Janairu, 1994

Yau ba ihu, muryar ta ƙare. Bakin kawai ke buɗewa.

Na zuƙi mofin a sirinji, na ce, "Baba, ga na Yaya." Shi da kansa ya miƙo hannu. Da jikinsa ya saki ya yi murmushi, ya yi ta sa wa Andrawus albarka, da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna. Ni ya ce in ja masa ƙofa.

Ban ja ba. Na zauna ina kore masa ƙuda. Ƙafata ce ta gaji, shi ke nan.