Na yi shelar boga, an hana ni shelar aminina

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana, ko da yake duk mai rediyo a Tamale ya riga ya san muryata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, daga aji uku na tsere, bakina ne ya yi karatu ba hannuna ba.

Ni mai shela ne. Tun ina da baƙin gashi nake yawo da keke da lasifika, in an yi rasuwa ko suna, ko akuya ta ɓata, ni ake nema. Ina da buɗe-bakina da kowa ya sani, "Jama'a, a kasa kunne!" Da na faɗe shi mata kan ajiye taɓarya, don ba a san wanda ya tafi ba.

Bara wani yaro ya buɗe shagon boga a unguwar Kalpohin, burodin nan da ake cusa wa nama da ganye. Ya zo har gida ya durƙusa, Baba kaza Baba kaza, wai muryata yake so a tallan rediyo. Ni kuma tsohon banza, da ma ina son a san da ni. Aka kai ni ɗaki mai sanyi, aka ɗora mini abu a kunne kamar direban jirgi, sai na ɗauko buɗe-bakin shelata na sa a gaba, wallahi ba wanda ya ce in yi. "Jama'a, a kasa kunne! Hawa biyu, nama biyu, cuku na zuba!" Suka bi shi da kiɗa. Har sunana suka laƙaba wa babbar bogarsu, ni da haƙoran gaba suka daɗe da yin ritaya. Sau ɗaya na gwada ta, rabi a gemu, rabi a rigar Juma'a.

Da farko daɗi nake ji, masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, suna mini hon. Sai ranar da na fita shelar rasuwar wata tsohuwa a Sagnarigu. Ina cewa a kasa kunne, yaran layin suka amsa baki ɗaya, hawa biyu nama biyu, har da rawa, 'ya'yanta kuma suna tsaye a ƙofar gida.

Watan jiya aminina Fuseini tela ya rasu. Tun muna samari yake tsokanata, wai in ya riga ni tafiya ni zan yi shelarsa, in kuma gaya wa duniya ya fi ni iya dara. Babban ɗansa ya ba wani mai shela aikin, ya ce ba za a haɗa sunan ubansa da cuku ba. A bakin baƙo na ji mutuwar Fuseini, ina zaune a benci ina shan koko.

Na je wurin mai shagon na ce ya cire tallan. Ya yi dariya, ya ce ko ya cire a rediyo ai yana cikin wayoyin mutane, wai in riƙa zuwa ina cin boga kyauta har ƙarshen rayuwata. Na canza buɗe-bakin, bai yi amfani ba, da yara sun hango kekena suke farawa.

Yanzu sadakar arba'in ta matso. Matar marigayin, Mma Adisa, ta tare ni a hanyar Gumani tana share hawaye, ta ce alkawari kaya ne, ita muryata take jira a shelar sadakar. Ɗan kuma ya aiko cewa in ya ga kekena a layinsu, ni da lasifikar a kwata za mu kwana.

To jama'a, ya zan yi? In hau keke in kira sunan Fuseini, yara su amsa masa da nama biyu? Ko in yi shiru, in bar mutumin da ya ɗinka mini rigar aure ya tafi ban faɗi sunansa ko sau ɗaya ba?