Mijina Yana So In Ce Santsi Ne Ya Kwashe Ɗan Sandan

Uwargida Aukje,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a ƙauyenmu, don maganar da ka yi da safe, kafin yamma ta isa shagon mai burodi.

Shanun madara muke kiwo, ni da mijina Wiebe da ɗanmu Sjoerd. A farkon kaka Sjoerd ya dawo daga bikin abokinsa da giya a ka, ya buge wata mata a kan keke, bai tsaya ba. Matar ta rayu, amma an ce har yanzu da sanda take dogarawa. Ni ban san komai ba sai washegari muna cikin tatsa motar 'yan sanda ta shigo gonar. Sjoerd bai yi gardama ba, da kansa ya miƙa hannu. Ubansa ne ya fito ya tare hanya, wai ba wanda zai ja masa ɗa daga gonar kakanninsa kamar maraƙi. Ƙaramin ɗan sandan ya ce ya matsa, sai Wiebe ya sa hannu biyu ya ingije shi. Ya faɗa kan kwamin shayar da shanu, hannunsa ya karye. Ina tsaye a bakin ƙofa, a kan idona aka yi. Suka haɗa uba da ɗa suka tafi, suka bar ni da shanu suna ta kuka, hantsa ta cika.

An sako Wiebe washegari, Sjoerd kuwa yana tsare har a yi shari'arsa. Yanzu ana tuhumar Wiebe da hana jami'i aikinsa da ji masa rauni. Shi kuma ya kafe wai ko taɓa shi bai yi ba, santsin kashin shanu ne ya kwashe shi. Ɗaya ɗan sandan ya juya baya lokacin, yana saka Sjoerd a mota, don haka ni kaɗai ce na gani. Wiebe ya ce wa lauyansa ya sa sunana a matsayin mai shaida, ko tambayata bai yi ba. Da na ce masa ai na ga abin da ya faru, sai ya ce tun muna matasa nake cewa idona ba ya gani da kyau, me ya sa yau ya buɗe.

Ba mugun mutum ba ne. Tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Yanzu sai ya zauna gaban kofi har ya huce, bai kurɓa ba. Idan aka ɗaure shi ban san yadda zan yi da shanun nan ba, gwiwoyina sun ƙare, ni ce tatsa, ni ce dafa dankali, ni ce hawa jirgin ƙasa zuwa gidan yari. Uwar ɗan sandan da ya karye kuma tare muke waƙa a coci, kujerarta na gaban tawa. Na daina zuwa. Abin da ya fi cin raina, a gidanmu ba mai ambaton matar da aka buge, kamar ba mutum ba ce.

Na gaji. In na yi ƙarya ban san yadda zan kwana ba, in na faɗi gaskiya ban san da wa zan kwana a gida ɗaya ba. Me zan yi?

Wadda Ta Gaji

*

'Yar'uwa,

Sannu da ɗawainiya. Kaya uku kika ɗauka, kuma babu naki a ciki ko ɗaya.

Mu fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani: kada ki yi ƙarya a kotu. Shaidar zur laifi ce mai zaman kanta, kuma lauyoyi sun iya tambaya. Macen da ta kasa zama bayan uwar ɗan sandan a coci ba za ta iya rantsuwa kan ƙarya a gaban ɗan nata ba. In aka kama ki, gidan da ke da mutum biyu a hannun hukuma ya koma uku, shanu kuma ba sa jiran alƙali.

Amma ba hanya biyu kaɗai ke gabanki ba. Doka tana ba mace damar ƙin ba da shaida a shari'ar mijinta. Ki je da kanki wurin wani lauya, ba na Wiebe ba, ya bayyana miki yadda abin zai shafe ki. Kina iya yin shiru. Abin da ba za ki iya ba shi ne buɗe baki ki faɗi abin da bai faru ba.

Shi ma Wiebe a yi masa adalci. Uba ne da ya ga ana tafiya da ɗansa, hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci. Wannan abu ne da alƙali zai iya saurara, musamman daga dattijon da bai taɓa shiga hannu ba, in ya amsa laifinsa ya nemi gafarar wanda ya ji wa ciwo. Ƙaryar ce ke ƙara masa nauyi. Ina zaton kunya ce ta hana shi shan kofin nan, ba tsoron kurkuku ba.

Kada ki bari sai a zauren kotu ya ji matsayinki. Ki zaunar da shi a makon nan, ki ce ba za ki kai ƙararsa ba, ba kuma za ki yi masa ƙarya ba, kuma in ya faɗi gaskiya kina gefensa. Zai yi fushi. Ki bar shi ya yi. Ki tuna masa ɗansa ya miƙa hannu da kansa.

Sai batun jikinki. Ki nemi mai taya ki tatsa daga ƙungiyar manoma tun yanzu, ki rage zirga-zirgar gidan yari. Matar da aka buge kuwa, ki tambayi lauya lokacin da ya dace ki aika mata gaisuwa, kada a ce kina neman juya shaida. Ki koma coci ranar Lahadi. Ba ke kika ingije kowa ba.

Allah ya sassauta miki, ya ba matar nan da ɗan sandan lafiya, ya ba Wiebe ƙarfin zuciyar da ɗansa ya riga shi nunawa.

Taki,
Aukje