Motar Fatun da Muka Sa wa Riga

Zuwa ga Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa a gama da duniya lafiya. Mu ma nan Batsari sai godiya. Inna tana ƙauyenmu Wagini, ƙafar ta yi sauƙi, kukanta ɗaya tsadar gero. Ƙanwarmu Ramlat ta yi nauyi sosai, watan haihuwarta ya kusa, kuma saboda ita ne na zauna rubuta maka wannan takarda raina a ɓace.

Ka san kai ka haɗa ni da Oga Labaran mai rubuta alluna, ka ce in koyi liƙa wa motoci sitika tunda gonarmu ta bakin daji ba ta nomuwa yanzu. Wallahi na so aikin. A Katsina ake bugo sitikar a kawo mana a naɗe, mu wanke mota tas, mu ɗora, mu bi da tsohon katin banki naɗe da tsumma muna korar iska, inda ta yi ƙululu mu soke da allura. Da yake fetur ya fi ƙarfinmu, ba ma tayar da janareta don hura mata zafi, rana muke jira ta take ta tausasa mana ita. Abin da Oga ya fara koya mini shi ne, sitika ba ta zama a kan datti ko tsatsa. Har rantsuwa yake yi a kai.

To, sai ga Alhaji Jafaru, wanda ke neman kansila a wajenmu, an jawo masa wata bas da igiya, wai a mai da ita motar ɗaukar marasa lafiya zai ba Wagini kyauta. Ni aka sa wankinta. Yaya, da na buɗe ƙofar baya sai da na amayar da kokon da na sha. Ashe ɗanyun fatu take ɗauka daga kasuwannin Safana, shekara da shekaru. Da na ɗaga tabarmar robar ƙasa, tsutsa ce fal, da busasshen jini da gashi sun manne. Gishirin fatun ya cinye ƙarfen, ina dirzawa yatsana ya burma, ina hango ƙasa ta ramin. Kwana biyu na kasa cin abinci da hannun nan.

Na nuna wa Oga, ina zaton zai ce a mayar musu da kayarsu. Sai ya ce in cusa kwali a ramukan, ya shafe da ƙullin masu gyaran jikin mota, ya ce mu rubutu aka kawo mana, ba a tambaye mu lafiyar mota ba. Na tuna masa maganarsa ta tsatsa, ya ce ai ba so ake ta daɗe ba, ta kai ranar zaɓe kawai, kuma idan bakina ya cika tsawo ga hanya nan, masu neman koyo sun fi a ƙirga. Na cusa kwalin don ina son sana'ar. Muka lulluɓe ta da fari da kore, ga fuskar Alhaji tana murmushi daidai kan ramin da ya fi girma. Ni na shafe kumatun nasa da katina, ban bar ƙululu ko ɗaya ba. Tir da wannan aiki.

Ranar miƙa ta, a kan babbar mota aka kawo ta har bayan gari, aka sauke, aka tuƙo ta cikin kiɗa don kada a ji tarin injin. An zazzage mata turare, mata suna ta guɗa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, Kawu Sammani da dattawa sun yanke shawarar sayar da tsohuwar a-kori-kurar gari, wadda Sahabi ke tuƙawa, su sayi hatsi a raba, tunda an samu sabuwa. Ban ga laifinsu ba, yunwa ake ji. Amma ka san a-kori-kurar nan, duk muninta, ita ta kai Inna asibiti bara, kuma ba ta taɓa mutuwa a hanyar da ba a son tsayawa ba.

Na ja Kawu gefe na gaya masa komai, har tsutsar. Ya je ya shafa jikin motar, ya ji sumul, ya dawo yana dariya, wai ban san na iya aiki haka ba, in daina raina kaina. Ya kama hannuna yana nuna wa mutane cewa ɗansu ne ya yi. Ramlat kuwa cewa ta yi ita za ta fara shiga, tunda aikin yayanta ne. Tun da na fara koyo ba a taɓa yaba mini ba sai ranar, kuma ji na yi kamar in tofar da yawu a kan hannuna.

Don Allah, Yaya, ka kira Kawu kafin kasuwar Batsari mai zuwa, ranar ne mai sayen a-kori-kurar zai zo. Ni yaro yake ɗaukata, kai kuwa yana jin maganarka. Ka ce masa kada ya shafa jikin bas ɗin, ya ɗaga tabarmar baya ya taka da ƙafarsa. Idan Oga ya ji ya kore ni, ya kore ni. In kuwa an riga an sayar, to na gaya wa mijin Ramlat, ranar da naƙuda ta zo, gara mu ɗora ta a amalanken shanu da ta kwanta a kan kwalin da na cusa da hannuna.

Ka gaishe mini da Anti Zuwairatu da su Abdulmumin, ka ce ya dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, Sahabi ma ya ce a gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jiran kiranka,
Almustapha